Dashen Tattasai Ba Ya Jiran Yamai: Shafi na 7

Salamu alaikum, masu bibiya. Na ga ƙorafinku a kan jinkiri, kuma na karɓa. Mu koma gidan tsoho Bunu, can ƙarshen garin Diffa ta wajen kogi.

Ƙarar ba ta yi kama da ta komai ba.

Bunu yana kwance a ƙofar ɗakinsa cikin gidan sauro lokacin da ya ji ta. Ba kukan kwaɗi ba ne, waɗannan ya san muryoyinsu tun da kogin Komadugu ya kawo ruwa. Ba injin ban ruwa ba ne. Wani gunji ne siriri, kamar an rufe ƙudan zuma a cikin tulu, amma da amon ƙarfe a ciki. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Kuma daga ɗakin matarsa Yakaka yake fitowa.

Sai tari ya hau kansa. Yakaka ce, irin tarin nan da mutum yake ƙirƙira.

Gunjin ya tsaya, tarin ma ya tsaya.

Bunu ya taɓa jin wani Buduma mai kifi yana cewa kwanon da aka daɗe ba a zuba wa abinci ba yakan yi kuka. Bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba. Da wannan tunanin barci ya ɗauke shi.

Da safe jikarsu Jamila ce ta fara fitowa, ta shiga abin da ta saba tun farkon satin: ta ɗaga tabarma, ta leƙa bayan randa, ta zazzage buhun gawayi. Ƙaramar wayarta take nema, mai madannai, wadda lambarta ce ta rubuta a dosiyen neman gurbin karatu da ta tura jami'a a Yamai. Ta gama lisansi, digirin farko, a fannin noma nan Diffa, tana neman mastar, wato na biyu. An ce mata wanda aka zaɓa, a waya za a kira shi a yi masa tambayoyi. Tana cikin wannan jiran wayar ta ɓata.

Maƙwabcinsu Babakura ya yi sallama daga zaure, wandonsa a nannaɗe zuwa gwiwa.

"Baba Bunu, an kwana lafiya? Iya, ina gajiya?"

Suka amsa. Ya juya wajen Jamila.

"Malamar noma, na biya ta fangalinki da asuba. Dashen nan ya tsufa."

"Na sani, Kawu."

"Wasu har sun fara neman fure. Ke kika yi boko a lakkwal, ba sai na faɗa miki abin da tattasai yake yi in ya yi fure kafin a dasa shi ba."

"Ba ya yin ƴaƴan kirki."

"To. Yau injina yana ta ɓangarenku. In ni zan dasa, in jiƙa filin da safen nan, da la'asar mu shiga. Zan je in sha koko in dawo. Ki ba ni magana ɗaya."

Ya fita.

Ga wanda bai san bakin Komadugu ba: a nan, wanda ya dasa shi ne mai gonar a wannan shekara. Shi zai yi ban ruwa, shi zai tsinka, shi zai shanya har ya yi ja ya bushe. Mai fili kasonsa kawai ake ba shi. Ba a karɓe gona daga hannun wanda ya dasa, ko da ɗan'uwanka ne. In Jamila ta bar wa Babakura, Yamai kuma ba su ɗauke ta ba, ta rasa karatu ta rasa gona, shekara guda sai zaman tsakar gida. In ta dasa da hannunta aka kira ta, babu mai ban ruwa, don tsofaffin nan biyu ba za su iya jan igiyar inji ba. Irin kuwa na mahaifinta ne, marigayi Muhsinu, irin da aka taho da shi daga garinsu Barwa ƙulle a bakin zane shekarar da mutane suka tashi gudun hijira.

Yakaka ta ajiye kunu a gabansu.

"Sha, ki bar tonon gidan nan kamar kaza. Waya ta ɓata, ta ɓata. Dashe kuwa ga shi a gabanki, ba ya ɓuya."

"Kaka, in sun kira fa?"

"In sun kira ba su samu ba, sa sake kira. Su ma ai mutane ne."

Bunu ya kurɓi kunu, ya dubi sama kamar mai karanta wani abu a jikin gajimare.

"Yakaka, jiya kwanukanki sun yi kuka."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya.

"Malam, ka fara ko?"

"Na ji da kunnena."

"Da kunnen da ka ji kifi yana atishawa bara?"

"Wannan ma ya yi. Ku ne ba ku je ba."

Jamila ta yi murmushi, na farko a satin.

"Kaka Bunu, wane irin kuka?"

"Ba kukan hawaye ba. Kamar mutum ya rufe baki yana jan waƙa ta hanci. Zzzz. Sai ya huta. Sai kuma zzzz."

Murmushin ya bar fuskarta a hankali.

"Ya yi, ya huta, ya sake yi?"

"Haka. Kamar mai ladabi, yana ba ka lokacin amsawa."

"Mafarki ne," in ji Yakaka. "Mutumin da yake cin wake da dare."

"Ke ma kin ji, ai kin yi ta tari."

"Tari kuma laifi ne yanzu?"

Ba ta rufe baki ba sai ga shi. Daga cikin ɗakinta, ta bayan labule, siriri, da amon ƙarfe.

Yakaka ta miƙe da saurin da gwiwoyinta suka daɗe ba su yarda da shi ba. Ta ja taɓarya ta hau luguden turmi.

Bunu ya leƙa cikin turmin.

"Me kike daka?"

"Abin da na ga dama."

"Babu komai a ciki."

"To turmin nake daka. Nawa ne."

Jamila ta riga ta ɗaga labule.

A bangon gabas na ɗakin jeren kwanukan Yakaka yake, tun daga ƙasa har kusa da rufi, samira a kan samira, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowanne da murfinsa da furanninsa. Su kaɗai ta ɗora a amalanke ranar da aka bar Barwa, ta bar gado ta bar katifa. Babu mai taɓa su. Yanzu jeren gaba ɗaya yana rawa a hankali, murafu suna kaɗa haƙora kamar masu jin sanyi.

Bunu ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Kun gani ko. Duka suke yi, ba ɗaya ba."

Jamila ta bi su da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa har ta kai inda rawar ta fi ƙarfi. Ta fara saukewa.

"A hankali da mai shuɗin nan," in ji Yakaka daga baya, muryarta ta yi ƙasa. "Na uwata ne."

A cikin wata babbar samira, ita kaɗai a tsakiyar farin ƙarfe, wayar tana juyawa a kan bayanta kamar buzuzu. Sunan Rut ne a fuskarta, ƙawar Jamila, ƴar Tomas ma'aikacin buro, wato ofis, wadda suka tura dosiye tare, yanzu tana Yamai wajen gwaggonta.

"Alo, Rut."

"Ke Jamila, kina raye? Har na ce wa Babana ya tura mutum gidanku yau."

Muryar tana fita sosai, duk ɗakin ana ji.

"Wayar ce ta ɓata. Yanzu na gan ta."

"A ina?"

Jamila ta dubi kakarta.

"A wuri mai kyau. Me ya faru?"

"Sun kira ki har sun gaji. Sunanki yana cikin waɗanda za a yi wa tambayoyi. Ni an yi mini tawa shekaranjiya. Sakatariyar jami'ar ta tambaye ni ko na san ki, tunda garinmu ɗaya. Na ce ke ba mai wasa ba ce, wataƙila rezo ne, kira ba ya shiga. Ta ce yau ne ƙarshe, daga yau sai na bayanki."

"An ɗauke ni ke nan?"

"A'a, ƙawata. Tambayoyi tukuna. Amsa sai bayan sati biyu ko fi. Ni ma zaune nake ina cin farce. Ki kira buron yanzu, lambar tana cikin waɗanda suka kira ki."

Ta kashe.

Yakaka ta zauna a bakin gado, ta gyara ɗankwalinta wanda bai karkace ba.

"Kaka."

"Ina jin ki."

"Ke kika sa ta a nan?"

"Da tana da ƙafa, da na ce ita ta shiga."

"Kina kallona ina zazzage buhun gawayi. Na je har bakin kogi ina tona laka. Na zargi ƴaƴan mutane a zuciyata."

"Na ce miki ki bari."

"Kin ji abin da Rut ta ce? Yau ne ƙarshe. Da Kaka Bunu bai ji ba fa?"

"Ai ajiye miki na yi."

"Ajiyewa?"

"Ajiyewa mana. Abin da na rufe a kwanon nan bai taɓa lalacewa ba. Turaren aurena yana cikin na sama har yau, ki buɗe ki ji. Na ce in amsar ta zo ta zauna a ciki, da murfi a kanta, ki gama dashe, sai in buɗe miki. Ina na san amsar boko ba ta zama?"

Bunu ya gyaɗa kai a hankali.

"Ni ma da haka zan ɗauka."

"Malam, ba da kai ake ba."

Jamila ta durƙusa a gabanta, wayar a hannu.

"Kaka, kin san in na dasa ba zan iya tafiya ba."

"Na sani."

"Shi ya sa?"

Yakaka ta dubi kwanukan da aka sauke a ƙasa, ba ta dubi jikarta ba.

"Na san ki. Tun kina ƙarama in kika dasa abu ba kya barin sa. Kin taɓa ƙin zuwa sallah gidan dangi saboda kabewa ɗaya. Na ce in hannunki ya shiga lakar nan, kin zauna har tsinka. In an tsinka, Allah ya kai mu wata shekara."

"Wata shekarar kuma ki nemo wani kwanon."

"Suna da yawa."

Dariya ta kusa ƙwace wa Jamila, amma ba ta fito ba.

"Ke kika sayar da akuyarki kika kai ni lakkwal. Ke kika tsaya wa masu cewa ya isa haka. Ranar da na karɓi lisansi kin yi guɗa har muryarki ta dishe."

"Wancan ai a Diffa ne. Ki tafi da safe, da yamma in ji takunki a zaure."

"Yamai ba bayan duniya ba ce."

"Kwana ake yi a mota."

"Shekara biyu ce kawai."

"Ke ce mai cewa kawai. Dube ni da kyau, ki dubi wancan mai sauraren kwanuka. Shekara biyu a wajenmu ba kawai ba ce."

Yakaka ta sake duban kwanukan.

"Ubanki ma cewa ya yi zai je ya duba injin da ya bari a Barwa ya dawo," in ji ta. "Na zuba masa tuwo na rufe."

Bunu ya juya ya dubi tsakar gida. Wata ƙadangaruwa tana kan bakin randa tana gyaɗa kai, ya tsaya kallonta fiye da yadda ya kamata.

Jamila ta ɗora goshinta a gwiwar tsohuwar. Yakaka ta bar hannunta a sama na ɗan lokaci, kamar ba ta san inda za ta ajiye shi ba, sannan ta sauke shi a kan kitson.

"Kin rame," in ji ta. "Wayar nan ta hana ki ci. Ko tuwo kike ci idonki yana kanta. Wannan ma yana ciki, kada ki ce duk son kai ne."

"Ban ce ba."

"Kin yi niyyar cewa."

"Na yi."

Yakaka ta ture ta a hankali.

"Tashi ki kira su. Kada matar nan ta ce ba a yi miki tarbiyya ba."

Jamila ta share fuska da bakin mayafi, ta nemo lambar, ta fita tsakar gida inda rezo ya fi kamawa, kusa da bishiyar dalbejiya. Tsofaffin suka biyo ta suka tsaya nesa kaɗan, kafaɗa da kafaɗa. Ta yi magana da Faransanci, a hankali, tana ɗan sunkuyar da kai kamar matar tana gabanta.

"Me take cewa?" in ji Yakaka cikin raɗa.

Bunu, wanda ya yi aji uku a zamanin da, ya kasa kunne.

"Ta ce madam."

"Wannan ni ma na ji."

"Ta ce pardon. Ta sake cewa pardon."

"Ta faɗi sunana?"

"Ban ji ba."

"Ƴar halak."

Jamila ta sauke wayar.

"Sun ce in riƙe ta a hannu. Malamin da zai yi mini tambayoyin yana taro, in ya fito zai kira, yau ɗin nan. Daga nan sai jiran amsa."

"Sati biyun nan?" in ji Yakaka.

"Ko fi."

"Dashe kuma ba zai kai jibi ba," in ji Bunu, ba da kowa yake ba.

Yakaka ta shiga ɗaki. Suka ji ƙarar kwanuka ana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da murfinsa. Jamila ta kifar da turmin ta zauna a kai, wayar a cinyarta, tana kallon hannuwanta.

"Kaka Bunu, kai me ka gani?"

"Ni?" Ya shafa gemu. "Na taɓa ganin shamuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya a bakin kogi tun safe har azahar. Na ce me take jira. Ashe ba jira take ba, ɗaya ƙafar ce take hutawa."

"Ma'ana?"

"Babu ma'ana. Gani na yi kawai."

Wannan karon dariyar ta fito.

Ana cikin haka Babakura ya yi sallama. Ya shigo da jarkar mai a hannu ɗaya, igiyar tada inji a rataye a wuya.

"To, na dawo. Rana tana tashi."

Jamila ta miƙe. Ta dubi labulen ɗakin kakarta, ta dubi tsohon da ke tsaye da kofin kunu da ya huce a hannunsa.

"Kawu, ka jiƙa filin. Ni zan dasa."

Labulen ya ɗaga.

"Ba za ta dasa ba."

Yakaka ta fito, ta ɗaure zane tamau a ƙugu.

"Babakura, ɗebi dashen. Na ba ka gonar bana. Irin Muhsinu ne, ka kula da shi, ka ware mana na iri in an tsinka."

"Kaka, ba a ɗauke ni ba tukuna."

"Za a ɗauke ki."

"In ba a ɗauke ni ba fa?"

"Sai ki zauna ki tsefe mini kai shekara guda. Ba ki taɓa yi da kyau ba dama."

"In kuma an ɗauke ni, wa zai ɗebo muku ruwa? Wa zai kai ki asibiti in ƙafar ta tashi?"

"Da can da ba a haife ki ba, aljanu ne suke ɗebo mini?"

"Ɗazu kika ce shekara biyu ba kawai ba ce."

"Ɗazu ɗazu ne. Babakura, ka ji abin da na ce."

"Kawu, fangalin nawa ne, ni na yafa irin. Ni zan dasa."

"Filin na mijina ne."

Dukansu suka juya wajen Bunu. Shi kuwa ya duƙa yana duba wata tururuwa da ta ɗauko fiffiken fara, ya fi ta girma sau da yawa, tana neman ƙofar raminta.

Wayar ta fara rawa a hannun Jamila. Lambar Yamai ce.

Yakaka ta kama wuyan hannunta ta ɗaga shi zuwa kunnenta, da ƙarfi, kamar mai ba yaro magani. Jamila ba ta danna ba tukuna. Idonta yana kan tsohuwar, idon tsohuwar yana kanta.

Babakura ya ajiye jarkar a ƙasa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"To ni yanzu maganar wa zan ɗauka?"